Kama Da Wane Ba Ta Wane: Neja, Nijar, Da Abujar Da Muke Zaune A Cikinta

 Tsokacinmu na wannan fitowa a kan suna ne. Mun san wani zai ce, haba Malam, ana fama da tsadar masara da kuɗin mota, wa ke ta suna? To, a daure a karanta zuwa ƙarshe. Akwai kuɗin fili da suka salwanta, akwai gadon da ya maƙale, akwai kayan da suka sauka a garin da ba can aka aike su ba, kuma in ka bi diddigi sai ka tarar sanadin bai wuce suna ɗaya da masu shi suka yi yawa ba, aka kuma yar da ɗan abin da yake rarrabe su.

Abin da muke suka shi ne wannan yarwar. Hausa tana da hanyoyinta na rarrabe takwara da takwara, malaman Musulunci ma suna da nasu. Rubutun Turanci da takardun ofis suka zo suka haɗe abubuwa da yawa a suna guda, mu kuma wasunmu suka bi, har suna ganin hakan shi ne wayewa.

Kalma ɗaya, abubuwa uku

Mu fara da jihar da muke ciki. Bature yana rubuta Niger, haruffa biyar, yana nufin abubuwa uku. Akwai kogi, wanda ya taso daga tsaunukan ƙasar Gini, ya ratsa Mali da Nijar, ya shigo Nijeriya, ya haɗu da Binuwai a Lakwaja, ya faɗa teku bayan tafiyar da ta haura kilomita 4,000. Akwai ƙasa mai hedikwata a Yamai, wadda ta samu 'yancin kai daga Faransa ranar 3 ga Agusta 1960. Akwai kuma jiha mai hedikwata a Minna, wadda gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta ƙirƙiro ranar 3 ga Fabrairu 1976 daga cikin tsohuwar Jihar Arewa maso Yamma. Sunan Nijeriya kansa daga wannan kalma aka tsago shi, wata Baturiya 'yar jarida mai suna Flora Shaw ce ta fito da shi a 1897, daga baya ta auri Lugga. A Turanci, tsakanin ɗan Nijeriya da ɗan Nijar harafi ɗaya ne kacal bambanci.

Yanzu dubi yadda Bahaushe ya yi da wannan. Kogin ya ce Kwara, sunan da kakanni suka san shi da shi tun kafin Bature ya zo nemansa. Jihar ya ce Neja, yadda ya ji a bakin Ingilishi. Ƙasar ya ce Nijar, yadda ya ji a bakin Faransa. Suna uku, abu uku, ba rikici. Tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba, in ka ce mata ɗanta ya tafi Neja ta san Minna ko Bida ko Kwantagora ake nufi, in ka ce Nijar ta san an ƙetare iyaka sai Maraɗi ko Damagaram. Lokacin da sojoji suka yi juyin mulki a Yamai ranar 26 ga Yuli 2023, mai sauraren sashen Hausa na rediyo bai tsaya tambayar wace ce ba. Mai karanta kanun labarin Turanci shi ne sai ya shiga cikin labarin kafin ya gane.

Amma ka duba saƙonnin yaranmu a WhatsApp da Facebook. Yaro na rubutu da Hausa tsantsa, da ya zo kan sunan sai ya rubuta Niger. Harshensa ya riga ya raba masa gardama, shi kuma ya koma ya ɗauko ta. A unguwa irin tamu wannan ba ƙaramin abu ba ne, don a layi ɗaya kana da mutumin Kano, da na Katsina, da na Sakkwato, da na Maraɗi, da wanda aka haifa a nan Neja bai san ko'ina ba sai nan. Duk 'yan uwa ne, sahu ɗaya muke tsayawa a masallaci. Amma a gaban hukuma takardun ba ɗaya ba ne, kuma duk mai fatauci zuwa kudu ya san yadda kalmar nan ke jawo dogon bayani a shingen hanya in aka haɗu da jami'in da bai san arewa ba.

Abuja biyu

Na biyu ya fi kusa da mu, don a kansa muke kwana. Da yawa daga cikin mazauna unguwar nan sun zo ne bayan an riga an sauya wa garin suna, wasu ma rusau na birnin tarayya ne ya turo su. Saboda haka bari mu faɗi tarihin a taƙaice, ko da waɗanda suka sani za su ga kamar maimaici ne.

Bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ya fara a 1804, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya bar Zariya da jama'arsa ya yi kudu, ya sauka wajen Zuba, cikin ƙasar Koro da Gwari. Ya rasu a fagen yaƙi kusa da Lapai a 1825. Ɗan'uwansa Abubakar, wanda ake wa laƙabi da Abu Ja saboda hasken fatarsa, shi ya gaje shi, ya kafa gari a 1828, aka kira garin da sunansa. Wannan gari shi ne wanda muke ciki yau. Bayansa aka yi Abu Kwaka, aka yi Ibrahim wanda Turawa suka tarar a 1902, aka yi Muhammadu Gani, da Musa Angulu, sannan Sulaimanu Barau wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1979. Kusan shekara ɗari da hamsin, duk wanda ya ce Abuja, nan yake nufi.

A 1976, bayan rahoton kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda, gwamnati ta yanke shawarar ɗauke babban birnin ƙasa daga Legas. Aka yanki ƙasa mai yawa daga wannan masarauta, aka haɗa da ta maƙwabta, aka yi yankin birnin tarayya. Sabon birnin ya ɗauki sunan Abuja, tsohon garin ya koma Suleja, wato Sule da ja, don girmama Sarki Sulaimanu Barau. Ranar 12 ga Disamba 1991 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta tare can.

Ba mu ga laifin masarauta ba a nan. Ta ba da ƙasa, ta ba da suna, don amfanin ƙasa baki ɗaya, kuma wannan karamci ne da ya cancanci a riƙa faɗa. Abin da muke kuka da shi shi ne abin da ya biyo baya. Babban suna ya haɗiye ƙaramin, har tarihin garin nan ya bi sunan ya tafi. Ga misalai uku da kowa zai iya dubawa da kansa.

Akwai littafin tarihin wannan masarauta da Malam Hassan da Malam Shu'aibu Na'ibi suka rubuta da Hausa, wani Bature Frank Heath ya fassara shi, aka buga a 1952 da sunan A Chronicle of Abuja. Lokacin da aka buga shi babu ko tubali ɗaya na birnin tarayya. Amma ɗalibin yau in ya ga sunan a kan bango, tunaninsa zai tafi Asokoro da Maitama, alhali labarin fadar da ke cikin garin nan ne da unguwannin da yake ratsawa kullum. Hanyar Hassan Dallatu da muke bi zuwa harkokinmu, sunan ɗaya daga cikin marubutan ne. Mutum nawa ne a cikinmu suka taɓa haɗa hanyar da littafin?

Sai gidan tukwane. A farkon shekarun 1950 wani Bature maginin tukwane, Michael Cardew, ya buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a nan garin. A 1954 Ladi Kwali ta shiga, ita ce mace ta farko a wurin, kuma aikin hannunta ya kai ta Ingila da Amurka, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Ta rasu a 1984. Hotonta ne a bayan takardar naira ashirin da muke ba da canji da ita. Tukwanen da aka gasa a nan suna ajiye a gidajen tarihi na ƙasashen waje da sunan tukwanen Abuja, kuma mai kallo a can zai ɗauka daga birnin tarayya suka fito.

Na uku Dutsen Zuma, wanda aka sa a bayan takardar naira ɗari da ta fito a 1999. Yana cikin Jihar Neja, ga shi nan muna hango shi in za mu Madalla. Amma buɗe intanet ka ga yadda ake tallarsa a matsayin dutsen Abuja. In tsohuwar Abuja suke nufi, sun yi gaskiya. Sai dai mun san ba ita suke nufi ba.

Wannan hali na sa babban suna a kan abin wani, Turawan mulkin mallaka sun daɗe da shi. Sarauniyar Ingila Biktoriya, wadda ta yi mulki daga 1837 zuwa 1901, ba ta taɓa taka Afirka ba, amma an sa sunanta a kan tsibiri a Legas, da babban tabkin da ke tsakanin Yuganda da Kenya da Tanzaniya, da magangarar ruwan da ke iyakar Zambiya da Zimbabuwe, da wani gari a gaɓar tekun Kamaru. Duk wuraren nan da mutanensu, da kuma yadda suke kiransu. Kamaru ta sauya nata zuwa Limbe a 1982, kamar yadda Chadi ta cire sunan sojan Faransa daga babban birninta a 1973 ta koma Njamena. Su sun yi wahalar cire sunan aro. A nan kuwa wasu na rububin ɗaukarsa.

Inda abin ya shafi aljihu

Ka tambayi saurayi a tashar Kano ko Kaduna ina yake zaune, sai ya ce Abuja. Ka ce Abuja ta ina, ya ce Kwamba, ko Maje, ko Rafin Sanyi. In don burga ce kawai, da sauƙi. Amma burgar nan ta shiga ciniki. Dillalai na tallar fili a waya da sunan Abuja, mai saye yana can Kano ko Saudiyya ya turo kuɗin Abuja, sai ranar da ya zo gani ya tarar filin na cikin Neja. Bambancin kuwa ba na baki ba ne. Filin da ke cikin jiha, a ƙarƙashin dokar amfani da ƙasa ta 1978, a hannun gwamna yake, shaidar mallakarsa daga Minna take fitowa. Na cikin yankin birnin tarayya kuwa a hannun gwamnatin tarayya yake. Farashi daban, ofis daban, kotun da za ta saurari rigimar ma daban. Duk wanda ya sayar da fili ya ɓoye wa mai saye wannan, ya sani cewa algus ne, daidai yake da mai zuba tsakuwa a ƙasan buhun wake. Cinikin da aka gina a kan ruɗu, malamanmu na fiƙihu ba su halatta shi ba.

Haka 'yan kasuwa masu aika kaya. A rubuta Sabon Gari a jikin buhu a miƙa wa direba, shi ke nan. Wane Sabon Garin? Na Kano, ko na Zariya? Dutse ta Jigawa, ko Dutsen Alhaji da ke hanyar Bwari? Wuse ta cikin birni, ko Sabon Wuse ta ƙaramar hukumar Tafa? Nasarawa jiha, ko garin, ko ƙaramar hukumar da ke cikin Kano? Kalma ɗaya da za a ƙara ba ta cin ko sisi, rashinta kuwa yana cin kuɗin mota zuwa da dawowa, wani lokaci har da zumunci.

Abubakar wanne?

Mutane ma haka. Al'adar Bature ce ya kira mutum da sunan ƙarshe shi kaɗai, don a wurinsu wannan sunan na dangi ne. A wurinmu sunan uba ne, kuma uban wani ne can daban. Jaridar Turanci za ta rubuta Abubakar ya ce kaza. Janar Abdulsalami na Minna, wanda ya miƙa mulki a 1999? Ko Atiku, wanda ya yi mataimakin shugaban ƙasa daga 1999 zuwa 2007? Ko Sarkin Musulmi Sa'ad? Bahaushe bai taɓa kiran ɗayansu Abubakar kawai ba. Waɗanda ma sunan yanka ne a gare su, kowa da abin da aka maƙala masa: Tafawa Balewa, Imam na Gaskiya Ta Fi Kwabo, Gumi, Rimi. Bello ma haka: Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ɗan Shehu wanda ya rasu a 1837, da Sardauna Ahmadu Bello wanda aka kashe a 1966, da Abubakar Sani Bello da ya yi gwamnan jihar nan daga 2015 zuwa 2023. Sarakunan garin nan biyu na farko duk Abu ne, amma ɗaya Ja, ɗaya Kwaka, kuma har yau ba wanda ya rikita su.

To amma mu zo kan takardunmu. Fom ya zo da gurabe uku, sai mutum ya cika yadda ya ga dama. A katin ɗan ƙasa Muhammad Sani, a banki Sani Muhammad Kano, a fasfo Muhammadu Sani Abdullahi, a takardar fili Alhaji Sani kawai. Yana raye yana iya zuwa ya ce ni ne. Ranar da ya kwanta dama, marayu ne za su yi ta zirga-zirga tsakanin banki da kotu suna neman tabbatar da cewa mutum huɗun nan ubansu ne shi kaɗai. Duk wanda ya taɓa zama rabon gado ya ga irin wannan. Yara kuma, sunan da ke takardar jarrabawar sakandare daban da wanda ke ta shiga jami'a, sai an je rantsuwar kotu, wani har gurbin karatu ya wuce shi.

Abin da malamai suka yi

Wanda ya yi ko ɗan karatun hadisi ya san magabata ba su ɗauki wannan da wasa ba. Hadisi yana iya inganta ko ya raunana saboda gane wane ne mai ruwaya. Akwai Hammadu biyu a Basra a zamani ɗaya, ɗan Zaidu da ɗan Salama. Akwai Sufyanu biyu, Sauri da ɗan Uyaina. Saboda haka aka ware fanni guda na masu suna ɗaya mutane daban, har Haɗibul Bagadadi, wanda ya rasu a shekara ta 463 bayan hijira, ya wallafa littafi sukutum a kansa, Almuttafiƙu wal Muftariƙu. Yaƙutul Hamawi kuma ya yi irinsa a kan garuruwan da suka yi tarayya a suna. Larabawa na da Ɗarabulus biyu, sai suka ce ta Yamma, wadda ke Libiya, da ta Sham, wadda ke Labanan. Alƙur'ani a cikin Suratul Ahzabi ya yi umarni da a danganta kowa ga mahaifinsa. Mutanen da suka gaji wannan tsantseni bai kamata a same su da sakaci wajen rubuta sunan ubansu ba.

Gaskiyar da ke ɗaya ɓangaren

Wani zai ce, ai mu Hausawa mun fi kowa yawo da suna. Ina ne ba Sabon Gari? Ina ne ba Tudun Wada? Daga Kumasi zuwa Ankara ta Gana ko'ina da Zango, a Ibadan da Sabo. Gaskiya ne, kuma ba aibu ba ne. Takwara girmamawa ce, shi ya sa muke sa wa 'ya'yanmu sunayen annabawa da sahabbai da iyaye. Mutanen Makau ma da sunan Zazzau suka zo, kuma har gobe sarautar garin nan Sarkin Zazzau ce. Amma ka lura, Sarkin Zazzau Suleja ake cewa, don a bambanta da na Zariya. Haka Birnin Kudu, Birnin Gwari, Birnin Kabi, Birnin Ƙonni. Haka Katsina da Katsinar Maraɗi. An ɗauki sunan, an kuma riƙe linzaminsa.

Akwai kuma abin da ya kamata mu faɗa wa kanmu a matsayinmu na baƙi. Kafin Bature ya sa nasa sunan, kafin Bahaushe ya sa nasa, Gwari da Koro da Gade suna nan da sunayen duwatsunsu da rafukansu. In muna jin zafin a shafe sunan Suleja, to kada sabuwar unguwa ta tashi a gonar Bagware a binne sunan wurin da wani sunan Turanci na talla, ko a kira ta Dubai. Haka allunan makarantun kuɗi da ke cika lunguna da sunayen jami'o'in Ingila, aji uku ne a gidan haya. Kayan aro ba ya rufe katara. Garin da ya fitar da Ladi Kwali da Malam Hassan da Sulaimanu Barau bai rasa sunan da zai sa wa makaranta ba.

Shawara

Abin da muke roƙo kaɗan ne. Kowane magidanci ya zauna da takardunsa da na iyalinsa, ya tabbatar suna ɗaya ne a jere ɗaya: sunansa, na mahaifinsa, na kakansa. In akwai saɓani a gyara tun ana da rai. Masu rubuta takardar cinikin fili ko gida su sa cikakken sunan mai saye da mai sayarwa, da unguwa, da ƙaramar hukuma, da jiha, kada a bar Alhaji wane shi kaɗai. Dillalai su ji tsoron Allah su faɗi inda fili yake. Masu aika kaya su ƙara sunan gari da lambar waya. Malaman Islamiyya da na boko su ware ko rabin awa a zango su gaya wa yara wane ne Makau, wane ne Abu Ja, me ya sa garin ya koma Suleja. In kana rubutu da Hausa, rubuta Neja in Neja kake nufi, Nijar in Nijar. In an tambaye ka inda kake zaune, ka ce Suleja, in mai tambaya bai sani ba ka gaya masa ita ce Abuja ta farko.

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Allah ya ƙara wa Mai Martaba Sarkin Zazzau Suleja lafiya da nisan kwana, ya zaunar da garinmu da ƙasarmu lafiya, ya sa albarka a kasuwanninmu, ya jiƙan magabatanmu.